Duna, Dodon-Koɗi da Ƙosan Falmata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kafa idona a bakin wata na'ura a asibitin dabbobi na Haɗeja ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abin da na sani. Ranar na ga ikon Allah ƙuru-ƙuru, ranar kuma na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba tun da aka kai ni ɗakin miji. Duka biyun a wuni ɗaya suka same ni, ko azahar ba a kira ba.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san tsawon inda na faɗo. Ni mai bandar kifi ce a ƙauyenmu da ke hanyar Kirikasamma. Ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma Allah ya ba ni ido. Idan akuyar wani ta shiga gonar wani, ni ce zan faɗi ƙafar da ta fara sakawa. Idan amarya ta bar tukunya ta kwana ba wanki, kafin hantsi ta ji daga gare ni. Matan unguwa in sun hango ni sai su gyara ɗaurin ɗankwali (a lokacin na ɗauka girmamawa ce, daga baya na gane tsoron bakina ne). A kowace rigima maganata ɗaya ce: "Na gani da idona." In na faɗe ta, zance ya ƙare.

To, da ɗana Habu ya kawo baƙin kwikwiyo wai zai riƙa tsaron awaki, ni ce na fi kowa ɗaga murya. Na tsaya a ƙofar gida, unguwa tana ji, na ce, "Kare dai ba zai taka zauren nan ba ina da rai. Ka ajiye shi can bayan gida wajen turke, kwanonsa daban, kuma kada in ga bakinsa kusa da butata." Habu ya ce, "To, Inna." Aka sa masa suna Duna. Shekara guda ko kallo bai ishe ni ba. In ya gifta sai in tattare zanena.

Itacen banda ne ya canza ni. Wata rana da hantsi na miƙa hannu zan zaro itace daga tarin da ke bayan gida, sai Duna ya sha gabana yana haushi kamar zai cije ni. Na ɗaga sanda zan kwaɗa masa, ya ƙi matsawa. Can sai ga kububuwa ta sulalo daga daidai inda hannuna zai shiga. Na sauke sandar. Dabbar da na shekara ina yi wa tsawa, wa ya ce da ita ta tare ni? Ban gaya wa kowa ba. Girma ya hana.

Amma zuciyata ta kasa haƙura. Kun san idan ruwan kogi ya ja baya, fadamarmu cika take da dodon-koɗi, a jikin ciyawar kacala, a bakin kududdufi, har cikin malin da masunta ke kafa wa kifi. In sun kawo mini kifi ba a rasa shi a gindin kwando, ni kuwa ba na zubarwa. Fasa wa agwagina nake yi a kan wani faffaɗan dutse a bayan gida, don yana sa su ƙiba su yi ƙwai. Haka uwata ta yi, haka kakata. Sai na ce a raina, abin da ya gina agwagwa ai zai gina kare. Kullum da hantsi, in Habu ya tafi gona, sai in waiga dama in waiga hagu, in zaɓi manya-manyan in fasa, in tura wa Duna da ƙafa. Har da kwaɗi in sun faɗo cikin kwandon. Ya riƙa lashewa yana kaɗa wutsiya. Da na ji motsin mutum sai in ce, "Kai, tafi can, ƙazami!" (Shi ma ya gane wasan. Taku biyu zai matsa ya zauna yana jiran mutumin ya wuce.)

Bayan 'yan watanni Duna ya fara tari, busasshe, kamar ƙayar kifi ta maƙale masa. In ya yi haushi biyu sai ya kwanta yana haki, haƙarƙarinsa yana sama yana ƙasa. Ya rame. Ranar da na ga jini yana ɗiga daga hancinsa, dasashinsa ya yi fari fat, na ce a raina guba aka ba shi. Na ɗura masa manja da madara a ɓoye, maganin guba da muka gada, bai yi komai ba. Nan take idona ya sauka a kan Falmata.

Falmata maƙwabciyarmu ce, zana ɗaya ce ta raba bayan gidanmu da nata. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, da kaskon ƙosai take ciyar da su a bakin hanya. Duna ya taɓa kashe mata kaza, ta ce cikin fushi, "Wata rana sai na ga bayan karen nan." Na ji da kunnena. Kuma kwana biyu kafin jinin, na leƙa ta zana na gan ta tana barbaɗa shinkafar ɓera a gindin rumbunta. Na haɗa wannan da wancan, na ƙulle, na ɗauka sai zauren mai unguwa.

"Falmata ce ta ba karen ɗana guba," na ce. "Na gani da idona."

Mai unguwa ya ce, "Hajiya, kin ga ta ba shi, ko kin ga ta zuba wa ɓera?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun ba a haife ka ba nake ganin abu."

Ku tuna sana'ar baiwar Allah nan abinci ce. Mace mai sayar da abinci a ce ta iya guba, ai an kashe ta ba a binne ba. Washegari na wuce ta bakin hanya: mai yana tafasa a kasko, ƙosai ya yi tudu a kwando, masu tafiya fadama da suka saba tsayawa suna tsallakawa ɗaya gefen kamar ba su san ta ba. A rana ta uku ko wuta ba ta hura ba. Ta zo zaure idonta jajur, ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Mai unguwa ya ce ba za a dafa littafin Allah a kan kare ba alhali akwai likitan dabbobi a Haɗeja. A kai shi a duba. In guba ce a san abin yi, in ba ita ba ce, wanda ya yi magana ya san inda zai kai bakinsa. Ya faɗi haka bai kalle ni ba.

Habu ya kira likitar a waya. Ta ce a kawo karen, a haɗo da kashinsa na safiya uku a jere. Na ce ba mai kwashewa sai ni, don kada a yi mini musanye. Ku dubi wannan aiki: ni da ba na barin inuwar kare ta taɓa butata, safiya uku ina bin Duna a baya da sakaina a hannu, ina jiran ya tsuguna. Na ƙulle a leda, na sa a tsohuwar langa mai murfi, na ɗaure da tsumma kamar mai kai tuwon suna. A cikin mota wata mata ta ce, "Hajiya, dambun kifi za a kai wa 'yan birni?" Na ce mata, "Ki kula da kayanki." Duna yana kwance a kwandon kifi a baya, Habu yana riƙe da shi. Falmata ma ta biyo mu, ta ce sai ta ji da kunnenta.

Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta uku shekaru ba, da hijabinta da farar riga a kai. Na ce a raina, wannan me ta sani? Ta russuna ta ce, "Sannu da hanya, Mama," sannan ta sa safar hannu ta ɗaga leɓen Duna, ta ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ta daɗe tana ji. Ta buɗe kunnensa ta ce, "Kai, kaska har ta kafa gari a nan."

Na ce, "'Yar nan, ba kaska ta kawo mu ba. Guba aka ba shi."

Ta ce, "Zai yiwu, Mama, shinkafar ɓera tana sa jini haka. Amma tarin ya riga jinin da daɗewa, ko ba haka ba? Akwai wani ciwon da ke kwaikwayonta. Bari mu tambayi langarki."

Ta lakaci ɗan mitsitsi da tsinke, bai kai ƙwayar gero ba, ta dama da ɗigon ruwa a kan wani ɗan gilashi, ta tura ƙarƙashin na'urar. Na'urar tana da lanƙwasasshen wuya kamar zalɓe yana jiran kifi, da 'yar fitila a gindinta. Ta leƙa, ta murɗa, ta canza gilashi, ta sake damawa. Ina tsaye a kanta ina lura da hannunta kada ta saka wani abu. A gilashi na uku ta ɗago kai ta ce, "Mama, zo ki duba da kanki."

Na rufe ido ɗaya yadda ta nuna mini, na kafa ɗayan. Da fari haske kawai na gani, zagayayye kamar farin wata. Sai wasu 'yan dusa-dusa. Sai wani abu ya motsa.

Jama'a, halitta ce. Mai rai. Doguwa, siririya, jikinta garau har ana hango abin da ke cikinta. Ta naɗe kamar gammo, ta warware, ta sake naɗewa, tana kaɗa wata 'yar wutsiya mai lanƙwasa a ƙarshe, ba gaggawa, kamar tarwaɗar da ba ta taɓa jin labarin masunci ba. Na ɗago kai na dubi gilashin da idona biyu: ɗigon ruwa ne kawai, ko ƙuda ba zai ƙoshi da shi ba. Na sake leƙawa, tana nan tana harkarta, ga ma wata ta shigo ta gefe. Na duƙa na leƙa ƙarƙashin tebur ko akwai wayar da ke kawo hoton (Habu ya ce, "Inna, don Allah"), babu komai. Na sa aka zare gilashin, hasken ya zama wayam. Aka mayar, ta dawo.

Na ji bakina yana ta "Subhanallahi, subhanallahi," ban san lokacin da na fara ba. A bakin ruwa aka haife ni. Na ga shekarar da kogi ya shafe gonaki har sai da kwale-kwale ake zuwa jana'iza, na ɗauka ranar na ga iyakar girman ikon Allah. Ashe akwai wani kogin a cikin ɗigo, da nasa mazauna, kuma Wanda ya ciyar da ni da safen nan bai manta da su ba. Na tuna duk ruwan da na taɓa ɗagawa a moɗa na kalla na ce babu komai a ciki.

Na ce, "'Yar nan, mece ce wannan?"

Ta ce, "Jaririyar tsutsar huhu ce, Mama. Iyayenta suna can cikin jijiyar da ke tsakanin zuciyarsa da huhunsa. A can suke zuba ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe a huhu, shi ya sa yake tari. In ya yi tarin sai ya haɗiye su, su fita ta kashi. A ƙasa ba za su girma ba sai sun shiga jikin dodon-koɗi sun yi ƙwari. Ranar da kare ya ci dodon-koɗin, ko ya ci kwaɗon da ya ci shi, sai su huda hanjinsa su bi jini har zuciya. Su ne kuma ke hana jininsa tsayawa."

Na ce, "Ba ido, ba ƙafa, wa ke nuna mata hanya?"

Ta yi murmushi ta ce, "Wanda ke nuna wa tsuntsayen da ke tasowa daga ƙasashe masu nisa hanyar fadamar Baturiya duk shekara."

Mamaki ya cika ni har ban lura da sunan da ya wuce ta kunnena sau biyu ba. Sai da ta juya wajen Habu.

"Malam Habu, me yake ci? Yana yawo a fadama?"

"A'a, likita, iyakarsa bayan gida. Ƙanzo ne da ragowar tuwo, ni nake ba shi da hannuna."

"To da mamaki. Yawan da na gani ba na karen da ya tsinci ɗaya bisa tsautsayi ba ne. Wannan kamar wanda ake zuba wa a kwano."

Dutsen bayan gidana ya zo ya tsaya mini a ido, da tarin ɓawon dodon-koɗi a gefensa. Shaiɗan ya ce mini, yi shiru, wa ya gani? Da jiya ne, wataƙila da na bi shawararsa. Amma yanzun nan na ɗago daga kallon abin da ke nan alhali ido ba ya ganinsa. Da wane baki zan ce babu Mai ganina?

Na ce, "Ni ce."

Habu ya ce, "Ke ce me, Inna?"

"Ni nake fasa masa. Kullum. Tun da ruwa ya ja."

"Ke? Duna? Inna, ba ke kika ce..."

"Na san abin da na ce!"

Kamar an aiko shi, Duna ya ja jiki daga inda yake kwance, ya zo ya ɗora haɓarsa a kan ƙafata, ya lumshe ido yadda ya saba. A gaban kowa. Ko "tafi can" na kasa cewa. Likita ta juya tana gyara kwalaben da ba sa buƙatar gyara, kafaɗunta suna rawa.

Na ɗauka kunya ta kai maƙura. Sai Falmata, da ke rakuɓe a bakin ƙofa tun shigowarmu, ta yi magana a hankali.

"Ai na sani, Hajiya. Zanar da kike leƙo ni ta cikinta, ta wajena ma ana gani. Kullum da hantsi ina jin ƙarar dutsen. Ina jin kina ce masa, 'Ci, ɗan albarka.'"

Na ce, "Kin sani? Me ya hana ki faɗa a gaban mai unguwa?"

Ta ce, "Ban san shi ne ciwon ba. Ko da na sani ma, sa'ar uwata ce ke. In tona ki a zaure?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na tsaya a zaure na kashe mata kasuwa da abin da ban gani ba, ita kuwa ta rufa mini asiri a kan abin da ta gani.

Likita ce ta cece ni da bayani. Ta ba da maganin da za a riƙa ba shi kullum, ta ce a ɗaure shi ya huta sai huhun ya warke. Ba dodon-koɗi, ba kwaɗo, ba ɗanyen kayan cikin kifi, don shi ma da tasa tsutsar. Kwanon ruwansa a wanke kullum, kada a bar shi a ƙasa mai laima inda dodon-koɗi zai bi ya bar yauƙinsa. Kashinsa a haƙa rami a binne, kada ruwa ya kwashe ya kai fadama karen wani ya ɗauka. Kaska a cire ta a hankali har kanta, a jefa a wuta. In ya warke kuma a riƙa kawo shi a kai a kai ana ba shi maganin tsutsa da na kaska tun ciwo bai zo ba. Ta ce, "Wa zai riƙe duk wannan?" Habu ya buɗe baki, na riga shi. Na ce, "Ni. Tunda ido ne da ni, gara ya samu aikin kirki." Kafin mu fita na roƙe ta in sake leƙawa sau ɗaya. Ta bar ni. Suna nan suna naɗewa suna warwarewa, ba ruwansu da abin da ya same ni.

A hanyar komawa, da muka hau gada, na dubi kogin da na sani tun ina goye, na ji kamar yau aka fara nuna mini shi. In ɗigo ɗaya haka yake, wannan fa? Falmata ta karɓi langar daga cinyata ta riƙe mini, ni kuwa na kasa ko da yi mata godiya.

Washegari na sa aka tara duk waɗanda suka ji maganata ta farko a zauren mai unguwa, na faɗi komai, har da "ɗan albarka." An yi dariya har wani dattijo ya ƙware. Na roƙi Falmata gafara, ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Amma na san mutanenmu, neman gafara ba ya dawo da kasuwa. Don haka ni da ban taɓa cin ko gyaɗa a bakin hanya ba, ni da ke yi wa masu ci a waje faɗa, na ɗauki kujerata 'yar tsugunno na dasa a gaban kaskon Falmata da sassafe. Na ce da ƙarfi, "Zuba mini, ki cika yaji." Na ci a idon duk mai wucewa. Wanda ya nemi tsallakawa sai in kira sunansa da na ubansa, in ce, "Ni na ci, kai wane ne?" Kwana tara na yi ina wannan zama. A na biyar ƙosai ya fara ƙarewa kafin hantsi. A na tara ni kaina sai da na jira layi.

Duna ya tashi, sai ɗan tarin da ke taso masa in an yi sanyi. Falmata ta ƙara kasko na biyu. Ni ce dai na kwana a ciki: ƙosai da yaji kwana tara a cikin tsohuwa, ƙwannafi ya riƙe ni har watan ya mutu, ko kunu sai da lallashi.

To ga abin da na koya, ku riƙe in kuna so. Idon ɗan Adam, komai kaifinsa, ɗan abin da aka bar masa kawai yake gani, saura yana wurin Mai shi. Kafin ki rantse a kan hannun wata, ki fara duba abin da naki yake yi. In kuwa hali ya rinjaye ki, lallai sai kin zargi maƙwabciya, to don Allah ki zaɓi mai sayar da fura.